Bin Sawun Wuta Daga Kebbi Zuwa Agadas

Ƙasashe kaɗan ne Allah ya tara wa duk abin da ake yin wutar lantarki da shi kamar yadda ya tara wa Jamhuriyar Nijar. Ga kogi, ga rana mai ƙuna, ga kwal, ga man fetur, ga kuma yuraniyom ɗin da ya shekara fiye da 50 yana haskaka biranen Turai. Duk da haka, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wuta a gidansa. Abin da ya ɗora ni a hanya ke nan a ƙarshen hunturu, daga Birnin Kebbi har Agadas, don in ga kowace irin wuta a inda ake yin ta, in kuma ji ta bakin waɗanda ke zaune da ita.

Daga Birnin Kebbi na tashi, domin daga nan ne babbar wayar da ke kai wuta Yamai take fita. Layi ne mai ƙarfin kilobolt 132 da aka ja tun 1976, ya bi ta Doso. Ba ruwansa da titi, daji da gonakin gero yake yankewa. Mu kuwa ta Kamba muka bi, muka tsallaka Gaya, muka miƙe arewa. Akwai wani layin da ke tashi daga Katsina zuwa Gazawa, shi ne ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa.

Tushen wannan ciniki ruwa ne. A 1968 aka kammala madatsar Kainji a kan Kogin Kwara, mai ƙarfin megawat 760, kuma ruwan da ke juya injinanta sai ya ratsa Nijar kafin ya iso. Jami'an Najeriya sun sha faɗa cewa gara a sayar wa maƙwabciya wuta da a bar ta ta tare kogin daga sama. Wutar ruwa tana da daɗin sha'ani: da zarar an gama gini, babu sayen mai, babu hayaƙi, ga ƙarko, don Kainji ta haura shekara 50 tana aiki. Sai dai an biya kuɗinta tun daga farko, kuma ba gwamnati kaɗai ta biya ba. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin, an tayar da mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu, fadamu masu yawa na ƙasar Yawuri sun nutse. A yau ma ba wutar ruwa zalla wayar ke ɗaukowa ba, domin mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin iskar gas na kudu take fitowa, su kuma da zarar an fasa bututu ko bashin masu gas ya taru, sai su yi ƙasa.

Rauni mafi girma na wutar da aka sayo daga waje ya bayyana ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse layin, ba a kuma maido da shi ba sai bayan ɗage takunkumin a 2024. A kasuwar Katako da ke Yamai na zauna a rumfar wani mai walda, Ba'are mai fara'a, yana haɗa ƙyauren ƙarfe. A gefensa akwai wani tsohon janareto baƙi ƙirin, an ɗaure murfinsa da waya, ƙasan wurin duk ta jiƙe da baƙin mai. Na tambaye shi yadda suka yi a wancan lokaci. Ya ɗaga tabarau ɗin walda ya ce: "Malam, wannan da kake gani shi ya riƙe mu. Amma abin da na samu a ƙyaure, rabi shi yake sha. Ai daman kayan aro ba ya rufe katara." Ya ce masu ƙanƙara da masu injin niƙa sun fi su shan wuya, don shi yana iya jiran wuta ta dawo ko da tsakar dare ne, su kuwa kayansu ba ya jira.

Abin da mai walda ya yi a rumfarsa, shi ƙasar ta yi a Goru Banda. Tudu ne a bayan gari, a ƙetaren kogi, kuma a nan ne mutum zai ga wuta iri biyu kafaɗa da kafaɗa. Ta farko tashar manyan injina ce masu shan mai, megawat 80, da aka buɗe a 2017. Ana jin rugugin ta kafin a iso. Amfanin irin wannan tasha a fili yake: ana gina ta da wuri, ana kunna ta cikin 'yan mintoci, ba ta san dare ko rana ba. Illarta ma a fili take. Kowane yunit na wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, yana cin kusan rubu'in lita na mai. Matatar man ƙasar tana Damagaram, kusan kilomita 900 daga Yamai, tana tace ganga 20,000 a rana tun 2011. Duk man da zai zo babban birnin, daga can ne ko daga waje, a bayan tanka zai zo. Shi ya sa wutar dizal take cikin mafi tsada da ƙasa za ta dogara da ita, kuma tsadar ba ta ƙarewa, kullum sabuwa ce.

Ta biyun shiru take. Farantan sola ne fiye da 55,000, an jera su sahu-sahu a kan jar ƙasa, ƙarfinsu megawat 30. An yi bikin buɗe ta a watan Yulin 2023, makonni kaɗan kafin juyin mulki, ta fara ba da wuta a watan Nuwamba, daidai lokacin da birnin ke cikin tsananin buƙata. Nan duk kuɗin a farko ake kashe shi, bayan haka rana kyauta ce, kuma babu wata ƙasa da za ta iya katse ta. Farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Amma megawat 30 na sola ba daidai yake da megawat 30 na inji ba. Wannan adadi na tsakar rana ne. In aka haɗa dare da safiya da yamma, abin da tashar ke bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta ba. Da magariba, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna fanka da talabijin, ita ta riga ta tashi daga aiki, sai injinan maƙwabciyarta su karɓa.

Da yamma na tsaya a kan gadar Kennedy. Kogin cike yake, alhali rabon garin da ruwan sama tun watan Oktoba. Ruwan daminar tsaunukan Gini ne, wanda ke yin watanni yana yawo a fadamun tsakiyar Mali kafin ya iso nan a tsakiyar rani. Daga nan sai ya yi ta ja da baya har zuwa Mayu da Yuni. A 1985 ma tsayawa ya yi cak a Yamai. Wannan ce matsalar wutar ruwa a Sahel: lokacin da zafi ya haura digiri 40 kowa ke neman wuta, lokacin ne kogi ya fi ramewa. Madatsar Kandaji, kimanin kilomita 180 a arewa maso yammacin Yamai, don magance wannan aka tsara ta: ta riƙe ruwa, ta ba da megawat 130, ta shayar da gonaki. An aza harsashinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha na farko a 2013, wani kamfanin Sin ya karɓa a 2019, aikin ya sake tsayawa bayan juyin mulki. Idan ta kammala, dubun-dubatar mutanen yankin Ayoru za su bar gidajensu, kamar yadda na Busa suka bari.

Daga Yamai muka yi gabas, ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni. Gaba kaɗan, a Malbaza, garin siminti, akwai tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 da rancen ƙasar Indiya, ita ce babbar tashar sola ta farko a ƙasar. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wata gonar albasa na gan shi, kusa da Galmi. Faranti huɗu ne aka ɗora a kan ƙarafa, waya ta sauka cikin rijiya, ruwa yana kwarara ta bakin tiyo zuwa fangali. Babu batir, babu ƙara, babu warin fetur. Mai gonar, dattijo mai furfura, ya ja yatsa a kan gilashin, sai ga layi baƙi sumul a tsakiyar ƙurar da ta rufe shi. Ya ce: "Ka gani, ɗana? Da safe na goge shi. In na bar shi kwana uku a wannan hazo, ruwan sai ya koma kamar na buta." Ya ɗauko tsumma ya tsoma a ruwan da farantin ya jawo, ya sake wanke shi.

A wannan gona sola ba ta da aibu, domin ban-ruwa aikin rana ne. Matsalar tana farawa ne in ana son wutar da dare, domin sai an sayi batir, shi kuma yana da tsada, zafi yana rage masa kwana, bayan wasu shekaru sai an sauya shi. Farantin kansa haske yake so, ba zafi ba: duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa sama da 25, yana rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa. A bazarar yankin nan na Adar wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Muka koma mararrabar Tsarnawa muka kama hanyar Tawa. Iska tana kaɗawa a kan tuddan Adar har tana jijjiga mota, wani fasinja ya ce da za a kafa fankokin lantarki a nan da an huta. Maganarsa tana kan hanya, domin iska tana iya kaɗawa da dare, lokacin da sola ke barci. Sai dai ba a yi mata gaggawa. Idan gudunta ya ragu da rabi, wutar da take bayarwa tana komawa kashi ɗaya cikin takwas, don haka sai an shekara ana aunawa kafin a kafa turke ko ɗaya. Mu a Najeriya mun ga darasi a Lambar Rimi ta jihar Katsina, inda aka kafa fankoki 37 masu megawat 10. Aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, musamman bayan sace injiniyan Faransa da ke wurin a watan Disambar 2012. Na'ura mai buƙatar ƙwararru da kayan gyara daga ƙetare tana buƙatar zaman lafiya kamar yadda take buƙatar iska.

A jihar Tawa akwai kwal mai yawa a Salkadamna, an kuma daɗe ana maganar gina babbar tasha a kansa. Wanda ke son ganin yadda za ta kasance, sai ya wuce Abalak ya isa Agadas. Hanyar, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ta lalace ƙwarai, wani wurin direba kan sauka daga kwaltar ya bi rairayi don ya fi sauƙi. Daga Agadas muka yi arewa zuwa Cirozerin, inda kamfanin Sonichar ke haƙar kwal a Anu Araren. Tun daga nesa ake hango hayaƙi yana miƙewa sama a tsakiyar fili fetal. Rami ne buɗaɗɗe, manyan motoci suna hawa da sauka, ga tsibin baƙar ƙasa da toka a gefe. Tashar wutar da ke ƙona kwal ɗin tana da injina biyu, kowanne megawat 18.8, tana aiki tun 1981.

Kwal yana da abin da sauran ba su da shi a wannan yanki. Na gida ne, a gindin tashar ake tono shi, ba a jiran tanka ko izinin wata ƙasa, yana ci dare da rana, rani da damina. Ya kuma samar da aikin yi a wurin da aiki ke wuya. Amma tashar kwal tururi take amfani da shi, tururi kuwa sai da ruwa, ruwan kuma daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi, a ƙasar da ruwan ƙarƙashinta ba ya saurin dawowa in an kwashe. Ga toka, ga ƙura mai shiga ƙirji. Wajen ɗumama duniya kuwa babu kamarsa. A lissafin da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2014, kowane yunit na wutar kwal yana sakin kimanin giram 820 na iskar kabon, gas 490, manyan tashoshin sola 48, ruwa 24, iska da nukiliya kimanin 12. Wannan ya sa manyan bankunan raya ƙasashe suka janye daga ba da rancen gina tashoshin kwal. Mutumin Nijar yana da hujjar cewa hayaƙin ƙasarsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turai ko Sin. Gaskiya ne. Amma ƙirjin da zai shaƙi ƙurar da rijiyar da za ta ƙafe nasa ne.

Wani abin lura shi ne dalilin gina tashar tun farko. Ba don fitilun Agadas aka yi ta ba, don ma'adinan yuraniyom na Arlit aka yi ta, garuruwa suka samu rabonsu daga baya. Wato shekara da shekaru ana ƙona kwal a hamadar Nijar don a tono makamashin da ke ba Faransa wuta marar hayaƙi. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a 1978, ya rufe a ƙarshen Maris na 2021. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somaïr mallakin ƙasa.

A Agadas, a wata majalisa kusa da tsohon masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi aiki a ramin Cominak, mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Yana dafa shayi a kan ɗan mangal yana ba ni labari a hankali. Na ce: "Baba, ga yuraniyom a ƙasarku, me zai hana ku yi wutarku da shi?" Ya yi murmushi ya ce: "Yaro, mu garin rawaya kawai muke cikawa a duro. Abin da ake yi da shi bayan nan, a can ake yi." Haka abin yake. Sinadarin da ke ba da wuta bai wuce kashi 0.7 cikin 100 na yuraniyom ɗin da aka tono ba, sai an tace shi a masana'antu na musamman ya kai kashi 3 zuwa 5, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da su. Abin da ya rage a Arlit shi ne tsibin tarkace mai tururin guba, na Cominak kaɗai kimanin tan miliyan 20. Kamfanin ya ce yana rufe shi da yumɓu da duwatsu, ƙungiyoyin farar hula na garin kuwa suna nuna damuwa kan ruwan sha.

Nukiliya tana ba da wuta mai yawa, ba dare ba rana, ba hayaƙi, a fili ɗan kaɗan. Amma girmanta ya fi ƙarfin ƙaramin layi. Tasha ɗaya ta zamani tana ba da megawat 1,000 ko fiye, abin da ya ninka buƙatar Nijar gaba ɗaya, alhali ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasa, don kada faɗuwarsa ta jefa kowa cikin duhu. Tana son ruwa mai yawa don sanyaya injina. Ga kuɗi da lokaci: Faransa da kanta ta fara gina tashar Flamanville ta uku a 2007 da kiyasin Yuro biliyan 3.3, ba ta haɗa ta da layi ba sai Disambar 2024, bayan kuɗin ya haura biliyan 13.

Da na tattara abin da na gani, sai na ga tambayar "wace wuta ce ta fi?" ba ta da amfani sosai. Kowacce tana da lokacin da take gazawa, kowacce kuma tana da wanda ke biyan kuɗinta ba da sunansa a takardar mita ba. Sola tana gazawa da magariba da ranar hazo, ruwa a watan Mayu, dizal ranar da tanka ta makale ko farashi ya tashi, wutar maƙwabta ranar da siyasa ta ɓaci. Dabarar ita ce a haɗa waɗanda ba sa gazawa lokaci guda. Watannin da kogi ya fi ramewa su ne rana ta fi ƙarfi. Idan sola ta ɗauki nauyin yini, madatsa sai ta zama rumbu, a rufe ta da rana a buɗe da dare. Injinan mai su koma na ko-ta-kwana maimakon na kullum, layin Najeriya kuma ya zama ciniki tsakanin maƙwabta, ba igiyar da ran birni ya rataya a kanta ba.

Duk wannan lissafin na masu waya ne, su kuwa su ne 'yan tsiraru. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma tsakanin Abalak da Agadas mutum kan yi tafiya mai nisa bai ga turke ko ɗaya ba. Jan layi zuwa ƙauye mai gida hamsin a irin wannan wuri ya fi wutar da za su sha tsada nesa ba kusa ba. A can ba a zaɓi tsakanin kwal da nukiliya. Zaɓin shi ne ƙaramar tashar sola da batir wadda za ta riƙe firjin allurar rigakafi da famfon rijiya da injin niƙa, ko kuma a ci gaba da jira. Kandaji da Salkadamna za su ci shekaru da biliyoyin kuɗi kafin su haska gida ɗaya. Irin wannan ƙaramar tasha kuwa ana iya kafa ta tsakanin kaka da bazara, muddin an koya wa 'yan garin gyaranta, an kuma tanadi kuɗin sauya batir tun ranar da aka kunna ta.